In Kunne Ya Ji: Yadda Jirgin Sama Ke Gargaɗin Matuƙinsa

Watan Agusta ne, irin ruwan Duwala da ba ya jin bari. Muna dawowa daga Dubai ni da uwargida. Tafiyarta ta farko ke nan a jirgin sama, ni ne ma na matsa mata ta je ta zaɓi lesuka da mayafanta da kanta, tunda kullum in na kawo sai ta ce ban iya zaɓe ba. Jirgi ya sauko har muna hango rufin kwano ta taga, an fito da tayoyi, kowa ya fara laluben takalminsa. Kwatsam sai injina suka yi ruri, hancin jirgi ya ɗaga, muka manne da kujeru, muka sake nutsewa cikin gajimare.

Hajiya ta damƙe min hannu har sai da farcenta ya bar shaida. Ta ce, "Alhaji, shi ke nan ko?" Na ce mata ta yi ta salati, alhali ni ma yawun bakina ya ƙafe. Wani bawan Allah a bayanmu har ya fara lissafo masu binsa bashi da ƙarfi, ko a samu wanda zai tsira ya kai saƙo gida.

Can sai kyaftin ya yi magana, da Faransanci da Turanci, muryarsa kamar mai ba da labarin cefane. Ya ce na'ura ta gargaɗe su cewa akwai muguwar iska mai juyawa a bakin titin sauka, shi ya sa suka fasa, za mu ɗan zaga mu dawo. Haka aka yi, muka sauka lafiya lau. Amma a tasi Hajiya ta yi rantsuwa ita da jirgi har abada. Hujjarta kuwa ita ce, direban da sai na'ura ta gaya masa abin yi, ai bai san aikinsa ba.

Maganar nan ta tsaya min a rai, domin abincinmu a tafiya yake. Ina da wani abokin ciniki, makanikin jirgi ne, yakan sayi kayan wuta a shagona. Na tsare shi da tambayoyi har ya gaji da ni. Babban ɗana kuma ya riƙa buɗe min rahotannin binciken haɗurra a intanet muna bi tare da dare. Abin da na tsinta ke nan na kawo wa 'yan uwa, musamman iyalanmu da ba sa barci duk ranar da maigida ya hau jirgi.

Ƙararrawar da muke ji a baya

Da farko dai, wannan "ƙil" da muke ji a wurin zamanmu ba ta nufin matsala. Ko dai an kunna fitilar ɗaura bel, ko wani fasinja ya danna maɓallin kiran ma'aikaciya, ko ma'aikatan suna kiran junansu ta wayar cikin jirgi. A kamfanoni da yawa matuƙi kan buga ta in jirgi ya kai tsayin ƙafa 10,000, wato wajen mita 3,000. Ƙasa da wannan tsayi doka ta hana matuƙa hirar banza, sai maganar aiki kawai. Amurka ce ta fara kafa wannan doka a 1981.

Gargaɗi na gaske yana can gaba, bayan ƙofar da ake kullewa. Mu ba ma jin sa.

Ja da ruwan ɗorawa

Jirgin zamani cike yake da 'yan ƙananan na'urori masu auna abubuwa: zafin inji, ƙarfin mai, hayaƙi a ɗakin kaya, ko wata ƙofa ta rufu da kyau. Dukansu suna kai rahoto ga kwamfuta. A da, zamanin su Boeing 707 da DC-8, mutum na uku ake ajiyewa a bayan matuƙa biyu, injiniya, aikinsa ya zuba wa tulin agogon awo ido. A farkon shekarun 1980, da fitowar Boeing 767 da Airbus A310, kwamfuta ta karɓi wannan kujera. Boeing na kiran tsarinsa EICAS, Airbus na kiran nasa ECAM.

Mu 'yan kasuwa za mu fi kowa gane hikimar. A ce yaran shagonka uku sun shigo a guje lokaci guda. Ɗaya ya ce sito ya kama wuta, ɗaya ya ce mai haya yana ƙofa, ɗaya ya ce shayinka ya huce. In suka haɗa baki, ba wanda za ka ji. Babban aikin kwamfutar nan shi ne ta jera su layi, mai maganar wuta ya fara.

Shi ya sa aka raba gargaɗi hawa-hawa. Jar fitila na nufin a tashi tsaye yanzun nan: wuta a inji, ko jirgi na shirin dukan ƙasa. A Airbus tana zuwa da ƙararrawa mai bugawa ba tsayawa har sai an danna an amsa. Fitila ruwan ɗorawa na nufin ka sani yanzu, amma kana da ɗan lokacin tunani: famfo ɗaya ya tsaya, ko janareto ɗaya ya mutu, alhali akwai na biyu. Ita bugu ɗaya take yi. Waɗannan manyan fitilu biyu suna daidai saitin idon kowane matuƙi. In suka kama, sai ya duba allon tsakiya ya karanta abin da ya faru. A Airbus allon har yakan jero matakan gyara da shuɗin rubutu, in aka yi mataki ɗaya layinsa ya ɓace, na gaba ya hau.

Wani abin da ya burge ni, in komai lafiya, allon maɓallan da ke saman kawunansu duhu yake. Da an bar fitilu ɗari suna ci, ɗaya ta ƙaru ba mai lura. A cikin duhu kuwa, ko guda ta kama ido zai kai kanta.

Ko da jar fitila ce, ba a rawar jiki. In inji ya kama wuta, akwai hannun da ake ja ya datse masa mai, sannan a fesa masa maganin kashe wuta. Amma matuƙi ba ya ja sai abokinsa ya duba ya tabbatar wannan injin ne. An koyi darasin ne da tsada. A 1989, a Ingila, matuƙa sun kashe lafiyayyen inji suka bar mai ciwo, mutum 47 suka rasu.

Shiru ma magana ce

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne akwai lokacin da ake rufe wa na'urar baki da gangan. Da matuƙi ya tura inji don tashi, in an manta wani abu, misali ba a buɗe ƙarin fiffiken da ke taimakon tashi ba, ko burki na ɗaure, nan take ƙaho zai ɗauka, tun jirgi bai yi nisa ba. Amma da gudu ya kai wajen kilomita 150 a awa, sai kwamfuta ta riƙe ƙananan ƙorafe-ƙorafe a cikinta. Sai manya irin mutuwar inji kaɗai ke wucewa. A Airbus ba ta sako sauran sai jirgi ya kai ƙafa 1,500.

Dalili kuwa, akwai wani mizanin gudu da ake lissafawa kafin kowace tafiya, gwargwadon nauyin jirgi da tsawon titi da zafin gari. In an wuce shi, ragowar titin ba zai isa a tsaya ba, dole a tashi. Matuƙin da ƙararrawa ta firgita a wannan gaɓa saboda wata 'yar matsala, ya taka burki, zai iya zarce titi da mutum ɗari uku. Gara a tashi da 'yar matsalar, a duba ta a sama cikin natsuwa. Haka ma ake yi dab da sauka.

Muryoyi masu magana

Wasu haɗurran ba sa jiran a karanta allo. Su murya ce ke fita da Turanci, kalma biyu ko uku, umarni tsagwaronsa.

Akwai mai tsaron ƙasa. Shekarun baya, lafiyayyen jirgi da lafiyayyun matuƙa sukan daki dutse cikin hazo ko duhu ba su sani ba. Wani injiniya haifaffen Kanada, Don Bateman, shi ya fi kowa suna wajen ƙirƙiro maganin abin. Na'urar tana harba saƙon rediyo daga cikin jirgi zuwa ƙasa, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta san tazarar da ke tsakani. In ƙasa na matsowa da sauri fiye da kima, sai ta yi ihu: ja sama! Amurka ta wajabta ta bayan wani jirgi ya daki tsauni kusa da Washington a Disambar 1974. Sai dai ta farkon ƙasan ƙafarta kawai take gani, ba ta ganin gabanta. A Disambar 1995, kusa da Kali ta ƙasar Kolambiya, ta yi ihun ne saura kimanin sakan 12 a daki dutse, bai kuwa isa ba. Daga 1996 aka fito da sabuwa wadda ke ɗauke da taswirar tuddai da tsaunukan duniya a cikinta, tana kuma sanin inda jirgi yake ta tauraron ɗan'adam. Ita takan yi magana tun saura kusan minti guda. Awon rediyon nan ne kuma ke ƙirga wa matuƙi tsayi lokacin sauka: hamsin, arba'in, talatin, ashirin, goma.

Akwai mai tsaron iska, wadda ta yi mana magana a Duwala. Hadari mai ƙarfi yakan turo iska ƙasa kamar an tuntsurar da randa. Jirgin da ya shiga ciki yana dab da ƙasa, da farko iskar za ta tare shi ta gaba, sai ta danne shi, sai ta koma bayansa ta kwashe masa gudu. Radar da ke hancin jirgi tana iya hango wannan ta motsin ɗigon ruwa. In ta yi magana, ba shawara, a ba inji wuta a koma sama.

Akwai kuma mai tsaron sauran jirage, TCAS. Kowane jirgi yana da akwatin da ke amsa tambaya, yana faɗin tsayinsa. TCAS tana tambayar maƙwabta ba fasawa, tana lissafin ko hanya za ta haɗu. Saura wajen sakan 40 sai ta ce a lura. Saura kamar rabin minti sai na'urorin jiragen biyu su daidaita tsakaninsu, wannan a ce masa hau, wancan a ce masa sauka. Sakan biyar aka ba matuƙi ya fara aikatawa.

A daren 1 ga Yuli 2002, a sararin kudancin Jamus, wani jirgin Rasha ɗauke da yara 'yan makaranta masu zuwa hutu Sifaniya ya nufi wuri guda da wani jirgin kaya na DHL, dukansu a ƙafa 36,000. Jami'in da ke kula da su daga Zurik shi kaɗai ne a bakin aiki, ana kuma gyaran wasu na'urorinsa, ya farga a makare. Ya ce wa jirgin Rasha ya sauka. TCAS kuwa ta ce wa jirgin Rasha ya hau, ta ce wa na kaya ya sauka. Na kaya ya bi na'ura. Na Rasha ya bi mutum. Duka biyun suka yi ƙasa, suka haɗu, mutum 71 suka rasu. Tun daga nan aka fayyace doka a duniya: in TCAS ta ba da umarni ita ake bi, ko jami'in ƙasa ya faɗi akasin haka, domin ita ce ta san abin da aka gaya wa ɗaya jirgin.

Ranar da na'ura ta yi ƙarya

Kada na yi muku daɗin baki. Na'ura ma takan yi kuskure, kuma a kan hanyarmu ta fatauci abin ya taɓa faruwa.

Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin sa sumul. In aka ɗaga hanci fiye da kima, iskar sai ta ɓalle, jirgi ya fara faɗowa. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar tuta a gefen hancin jirgi mai auna wannan. A Boeing, in abin ya kusa, sitiyarin ne da kansa ke karkarwa a hannun matuƙi. Maganinsa a sunkuyar da hanci a ƙara wuta.

Ranar 30 ga Janairu 2000, hazo ya rufe Legas, sai jirgin Kenya Airways ƙirar A310 da ya taso daga Nairobi ya wuce Abijan tukuna. Da dare ya tashi zai koma Legas da mutum 179, da yawansu 'yan Najeriya. Tayoyi na barin ƙasa gargaɗin nan ya ɗauka, alhali jirgin lafiyarsa ƙalau. Matuƙi ya sunkuyar da hanci. Gabansu teku ne baƙi ƙirin, ba fitila ba alama. Mai tsaron ƙasa ta so yin magana, amma a jerin layin da aka tsara waɗancan ƙararrawar suna gabanta, suka danne ta. Jirgin bai yi minti guda a sama ba ya faɗa ruwa. Mutum goma ne suka tsira. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Shi ya sa ake horar da matuƙa su riƙa gwada maganar na'ura ɗaya da ta 'yan uwanta: me agogon gudu ya ce, me na tsayi ya ce?

Wani lokacin kuma gaskiya ta faɗa, kunne ne ya juya maganar. A Agustan 2005 wani Boeing 737 ya tashi daga tsibirin Kubrus, an bar maɓallin matse iskar cikin jirgi a inda bai kamata ba. Suna hawa ƙaho ya ɗauka. A wannan ƙirar, ƙaho ɗaya ne ke yin aiki biyu: a ƙasa yana nufin ba a shirya tashi daidai ba, a sama yana nufin iskar shaƙa na ƙarewa. Matuƙan suka ɗauka na farkon ne ya rikice. Suna neman kashe shi har suka suma. Jirgin ya yi ta tuƙa kansa har mai ya ƙare, ya faɗi kusa da Atina ta Girka da mutum 121. Bayan nan aka ƙara fitilu biyu masu rubutu, kowace da ma'anarta.

Mafi muni kuwa shi ne inda babu mai gargaɗin sam. Waɗanda suka kai shekaruna ba za su manta 11 ga Yuli 1991 ba. Jirgin alhazai ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Iskar wasu tayoyinsa ba ta cika ba, suka fashe a kan titi suka kama wuta. Ramin da ake naɗe tayoyin ba shi da na'urar gano wuta, matuƙa suka naɗe su da wutar a ciki ba su sani ba. Mutum 261, ba wanda ya fita. Allah Ya gafarta musu. Jiragen yau da yawa suna nuna zafin burki ko wuta a ramin taya, wasu har da iskar kowace taya. Duk fitilar da ke gaban matuƙi, in ka bi tarihinta, sai ka tarar da makoki a bayanta.

To ina aikin matuƙin?

Ga amsar da na kai wa Hajiya. A Nuwambar 2010 injin wani ƙaton A380 na kamfanin Qantas ya tarwatse jim kaɗan bayan tashi daga Singafo, da mutum 469 a ciki. Ɓaraguzai suka huda fiffike, suka yanke wayoyi, mai na zuba. Saƙonni gommai suka cika allo, ana share wannan wancan na fitowa. Matuƙa biyar ne a ɗakin ranar. Suka raba aiki, ɗaya na riƙe da jirgi, wani na bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya dace su yi, wanda suka ga zai ƙara ɓarna su tsallake. Kusan minti 50 suka ɗauka a kan haka. Suka sauka, ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Na'ura ta fi mutum ido, ba ta gyangyaɗi, ba ta jin kunyar katse kyaftin. Amma auna magana da yanke hukunci na mutum ne. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: kusan duk wata shida ake shigar da matuƙi wani ɗaki mai kwaikwayon jirgi, a kunna masa wuta, a kashe masa inji, a turo masa iska, har hannunsa ya riga tsoronsa motsi.

Namu rabon

Mu ma fasinja akwai gargaɗin da ke kanmu. In fitilar bel ta kama, a zauna a ɗaura, ko da layin ban ɗaki ya zo kanka, domin sau da yawa matuƙi ya hango hadari a radar ko na gabansa ya ba shi labari. In abin rufe hanci ya faɗo daga sama, ka fara sa naka kafin na yaro. A tsayin da muke tafiya, bai fi rabin minti zuwa minti ɗaya mutum ke yi cikin hayyacinsa ba, uwar da ta suma kuwa ba ta ceton ɗa. Za ka iya jin ɗan ƙauri, sinadarin da ke haɗa iskar ne yake zafi. Za ka ji jirgi ya yi ƙasa da sauri, da gangan ne, ana neman inda iska ke shaƙuwa. In kuma jirgi ya fasa sauka ya koma sama kamar namu, to an yi gargaɗi ne kunne kuma ya ji.

Hajiya ta yi kaffarar rantsuwarta. Bara muka sake tafiya. Muna hawa aka buga "ƙil", wata yarinya da ke gefenta ta zabura ta kama kujera. Ina ji Hajiya ta dafa ta tana cewa, "Kwantar da hankalinki 'yata, ƙafa dubu goma muka kai, yanzu za a kawo shayi."

Lesukan dai har yau ita ke zaɓa.